Girman Kai da Zub da Jini: Magana ga Sabon Mai-bi

Ya kai mai-karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu Almasihu, ko kuwa har yanzu kana cikin bincike, ga wata tambaya da ya kamata ka tsaya a kanta. In aka kawo mutum gaban alƙali da ankwa a hannunsa, domin ya sari maƙwabcinsa da gatari, ko ya soki abokinsa da wuƙa, mene ne mafarin abin? Mu kan zaci kuɗi ne, ko gona, ko mace, wani lokaci kuwa haka ne. Amma in ka yi haƙuri ka saurari shari'ar har ƙarshenta, sau da yawa za ka iske kuɗin ba su fi na goro ba, iyakar gonar kuma ba ta fi taki biyu ba. Abin da mai-laifin ya ke ta maimaitawa shi ne, an raina shi. An zage shi a gaban mutane, an yi masa dariya, an ambaci uwarsa. Domin kalma guda wadda iska ta riga ta tafi da ita, ga mutum ɗaya a kabari, ɗaya a kurkuku, 'ya'yan gida biyu kuma ba mai-ciyad da su.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke haka ba. Wani malami a Amurka, sunansa Marvin Wolfgang, ya zamna ya duba takardun 'yan sanda na birnin Filadelfiya a kan kisan kai da aka yi a can daga 1948 zuwa 1952, su 588, ya kuwa buga abin da ya samu a 1958. Dalilin da ya fi kowane yawa, wajen ɗaya cikin uku, gardama ce a kan abin da bai taka kara ya karya ba: zagi, ko ashar, ko bangaza a wurin cunkoso. Ya kuma iske a cikin 150 daga cikinsu, wanda aka kashe shi ne ya fara ɗaga hannu, ko ya fara zare makami. Ya fito domin ya tsare mutuncinsa, aka ɗauke shi a makara.

To, kai da ka fara bin Almasihu, wannan magana ta shafe ka ƙwarai, gama za a zage ka. Kada kowa ya ruɗe ka a kan wannan. Wataƙila ɗan'uwanka na ciki ɗaya zai ƙi sa hannu a akushi ɗaya da kai. Abokan da kuka yi wasan ƙasa tare za su laƙaba maka suna, yaran unguwa su bi ka da shi har ƙofar gida. Ran nan jininka zai tafasa kamar na kowane ɗan Adam, baftisma ba ta maishe ka dutse ba. Ina so ka san tun da wuri inda wannan tafasa ta ke fitowa, domin kada ranar ta same ka ba shiri.

Shekaru da dama masana halin ɗan Adam a ƙasashen Turawa suna koyarwa cewa wanda ya ke dukan mutane, ko ya ke fashi, ko ya ke kisa, mutum ne wanda ya raina kansa a zuci. Wai da za a ɗaukaka shi a idon kansa, da ya bar mugunta. Maganar ta karɓu, har a 1986 majalisar jihar Kalifoniya a Amurka ta kafa wani kwamiti musamman domin ya nemi hanyar da mutane za su ƙara ganin darajar kansu, ana sa zuciya wannan zai zama kamar allurar riga-kafi ga laifi da shaye-shaye da lalacewar yara. Aka roƙi malaman jami'a su tattaro shaida. Da suka fito da littafinsu a 1989, sai ga shi shaidar ba ta da ƙarfi: a wani wuri an ga 'yar dangantaka, a wani wuri ba a ga kome ba. Duk da haka koyarwar ta bazu cikin makarantu, aka yi ta gaya wa yara su riƙa yabon kansu.

A 1996 wani malami, Roy Baumeister, tare da abokan aikinsa biyu, suka sake duba abin da aka rubuta a kan masu-kisa, da 'yan daba, da mazan da su ke dukan matansu, da azzaluman shugabanni. Ba su iske mutane masu-sunkuyad da kai ba. Abin da suka iske galibi, mutane ne waɗanda su ke ganin sun fi kowa, sa'an nan wani ya zo ya taɓa wannan ɗaukaka tasu. A 1998 shi da wani malami, Brad Bushman, suka gwada abin a kan ɗalibai fiye da 500. Aka fara yi wa kowane ɗalibi tambayoyi, domin a ga yadda ya ke auna kansa. Sa'an nan aka sa ya yi ɗan rubutu, aka ce masa za a kai wa wani ɗalibi a ɗaki na kusa ya duba. Waɗansu aka komo musu da yabo, waɗansu da kushe mai-zafi, wai rubutun yana cikin mafi muni da mai-dubawa ya taɓa gani. Ba kowa a ɗakin nan na kusa, masu-gwajin ne suka shirya amsar tun da fari. Daga baya aka ba kowane ɗalibi dama ya sakar wa mai-duban nan ƙara a kunne, shi ne zai zaɓi ƙarfinta da tsawonta. Waɗanda suka fi tsananta ƙarar su ne masu-ji da kai waɗanda aka kushe, watau masu-ganin sun fi sauran mutane, sun kuma cancanci a riƙa yi musu kirari. Amma ganin darajar kai kurum, ko mai-yawa ko kaɗan, bai nuna wanda zai yi mugunta a cikin gwajin nan ba.

Ba ni raina aikin waɗannan malamai. Sun sha wahala, sun kuma faɗi abin da suka gani. Amma wanda ya karanta Littafin Esta ya riga ya sadu da wannan ɗalibi, da rawaninsa da dokinsa. Sunansa Haman. Sarki Ahasurus na Farisa, wanda ya ke mulkin larduna 127, ya ɗaukaka Haman bisa dukan hakimansa, ya umarta kowa a ƙofar fada ya rusuna masa. Kowa kuwa yana rusunawa, sai mutum ɗaya, Bayahude mai-suna Mordekai. Ka lura, Mordekai bai ƙwace wa Haman ko akuya ba, bai rage masa ko anini a dukiyarsa ba. Tsayawa kawai ya yi sa'anda waɗansu su ke durƙusawa. Wata rana Haman ya komo daga biki wanda sarauniya ta shirya, ba ta kuwa kira kowa ba sai sarki da shi. Ya tara matarsa Zeresh da abokansa, ya lissafa musu dukiyarsa, da yawan 'ya'yansa, da matsayin da sarki ya ba shi. Sa'an nan ya faɗa musu da bakinsa cewa duk waɗannan ba su da wani daɗi a gare shi muddar yana ganin Mordekai zamne a ƙofar fada. Ka ji fa. Mutum yana da rabin duniya a hannu, amma gaisuwa ɗaya da aka hana shi ta sa tuwo ya ƙi wuce maƙogwaronsa. Kashe Mordekai shi kaɗai ma bai ishe shi ba a ganinsa, ya riga ya nemi hatimin sarki domin a hallaka dukan Yahudawa na mulkin a rana ɗaya, da mata da yara. Ya kafa gungume mai-tsawon kamu 50 domin Mordekai, a kansa kuwa aka rataye shi kansa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Rawanin Haman ya kusa cin al'umma guda.

Yanzu wataƙila za ka ce, to, madalla, ni ba Haman ba ne. Ni talaka ne, ba wanda ya taɓa rusuna mini, ni kaina ban ɗauki kaina a bakin kome ba. Dakata, gama maganar tana da wani gefe. A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, suna duba su lokaci lokaci tun suna ƙanana har suka zama magidanta. A 2006 suka ba da labari cewa waɗanda su ke raina kansu sa'anda su ke samari da 'yan mata, sun fi sauran faɗawa hannun shari'a da laifi bayan sun girma. Wani likita kuma, James Gilligan, wanda ya yi shekaru da yawa yana duba fursunoni masu-kisa a jihar Masacuset ta Amurka, ya rubuta a 1996 cewa a ƙarƙashin taurin kan nan nasu kunya ce mai-zurfi a ɓoye. Da yawa daga cikinsu tun suna yara aka yi ta dukansu, ana ƙasƙantad da su, har suka ga ba su da abin da za su sa a ji tsoronsu da shi sai makami. Masanan sun yi ta gardama a tsakaninsu, waɗansu suna cewa kumburi ne, waɗansu suna cewa ƙanƙancewa ce.

A ganina duka biyu sun kama gaskiya, gama a kan same su a cikin mutum ɗaya. Ka duba Saul, sarkin fari na Isra'ila. Dogo ne, ya fi dukan jama'a tsawo daga kafaɗa zuwa sama, amma sa'anda annabi Sama'ila ya gaya masa abin da Allah ya nufe shi da shi, sai ya fara kawo ƙanƙantar kabilarsa da ta gidan ubansa. Ran da za a nuna shi ga jama'a aka neme shi aka rasa, ashe ya ɓuya a cikin kaya. Wannan mai-ɓuya a cikin kaya shi ne daga baya ya kafa wa kansa dutsen tunawa a Karmel. Sa'anda annabi ya tsauta masa domin rashin biyayya, abin da ya fi damunsa shi ne kada dattawa su ga an kunyata shi, ya roƙi Sama'ila ya dai girmama shi a gabansu. Sa'an nan wata rana mata suka fito da rawa da kiɗa domin su tarye shi daga yaƙi, a cikin waƙarsu kuwa suka ba Dauda adadi wanda ya fi nasa. Waƙar mata ce kawai, ba a taɓa gadon sarautarsa ba. Kashegari ya jefi Dauda da mashi. Bayan wannan ya jefi ɗansa Yonatan da mashi a wurin cin abinci, ya kuma sa aka kashe firistoci 85 a rana ɗaya domin ɗaya daga cikinsu ya ba Dauda gurasa. Shin Saul ya cika ganin kansa ne, ko kuwa ya raina kansa ne? Da safe wannan, da yamma wancan.

Ga ciwon da ya haɗa su duka. Ka yi tunanin manomi wanda ba shi da rumbu a gidansa, ya zuba dukan hatsinsa a rumbunan maƙwabta. Kowace safiya sai ya ɗauki ƙwarya ya bi gida gida. Ran da aka buɗe masa, yana ta taƙama. Ran da wani ya rufe masa ƙofa, a wurinsa yunwa ce da mutuwa, zai kuwa yi faɗa kamar mai-ceton ransa. Haka mutum ya ke in ya ajiye darajarsa a bakin mutane. In an gaishe shi, shi wani abu ne. In an wuce shi ba gaisuwa, ya zama wofi, ba ya kuwa iya daurewa ya zama wofi. Domin wannan ne ka ke jin mai-kisa yana rantsuwa ba shi da wata hanya. A wurinka kalma ce aka faɗa masa. A wurinsa dukan hatsinsa aka ƙone.

Kisan kai na fari da Littafi Mai-Tsarki ya ba da labari daga nan ya fito. Habila bai zagi Kayinu ba, bai ci gonarsa ba. An karɓi baikon ƙane, ba a karɓi na wa ba, sai fuskar Kayinu ta ɓaci. Allah kuwa bai yi banza da shi ba, ya zo ya yi masa magana, ya nuna masa ƙofar karɓuwa tana nan a buɗe in ya yi abin da ke daidai, ya kuma gargaɗe shi cewa zunubi yana fako kusa da shi kamar naman jeji. Kayinu ya ga ya fi sauƙi ya kawad da wanda a ke gwada shi da shi bisa ga ya gyara kansa. A cikin zuriyarsa aka sami Lamek, wanda ya tara matansa biyu yana yi wa kansa kirari domin ya kashe saurayi wanda ya yi masa rauni, yana cika baki cewa za a rama masa sau 77. Kayinu ya yi kisa ya yi musu. Jikansa ya yi kisa ya yi waƙa. Irin waƙar Lamek har yau a kan ji ta a bakin samari masu-yawo da wuƙa a kwankwaso.

Mene ne fa maganin? Duniya ta ce a hura mutum har ya kumbura, mun kuwa ga abin da kumburi ya haifar. Waɗansu iyaye da malamai kuma su kan ce a taka yaro har ya lanƙwasa, wannan ma mun ga 'ya'yansa. Bishara tana yin wani abu dabam da waɗannan: tana gina maka rumbu a inda ɓarawo ba ya kai wa. Ta fara gaya maka cewa Allah ya halicce ka cikin kamaninsa, kai da wanda ya zage ka duka. Saboda wannan ne aka haramta zub da jinin mutum tun zamanin Nuhu. Sa'an nan ta gaya maka abin da ba ka so ka ji, cewa kai mai-zunubi ne, ba ka da abin fahariya a gaban Allah ko ƙwaya ɗaya. Wannan ya sauke rawanin Haman. Ba ta kuwa bar ka a ƙasa ba, ta ce tun kana cikin wannan hali Almasihu ya mutu dominka, an fanshe ka da abin da ya fi azurfa da zinariya, watau jininsa, an kuma kira ka ɗa a gidan Allah. Wannan ya fito da Saul daga cikin kaya. Mutumin da ya gaskata waɗannan biyu tare, in aka ce masa shi ba kome ba ne, ba sabon labari aka ba shi ba, ya riga ya faɗa wa Allah fiye da haka a kan gwiwoyinsa. Ba a kuma rage masa kome ba, gama ba mai-zagin ne ya sa masa kuɗi ba, balle ya rage.

Ka dubi Ubangijinmu a daren da aka bashe shi. Manzo Yohanna ya gaya mana cewa Yesu ya san Uba ya danƙa kome a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi. Da wannan sani ne ya tashi daga wurin abinci, ya ɗaura mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ya kan yi. Mai-shakkar darajarsa ba ya iya ɗaukar daron nan, yana tsoro kada a ɗauke shi bara. A cikin daren nan kuma, sa'anda a ke tuhumarsa a gidan babban firist, wani dogari ya mare shi. Bai rama ba, ko da shi ke rundunan sama suna jiran umarninsa. Bai kuwa sunkuyad da kai kamar mai-laifi ba. Ya dubi mutumin, ya nemi ya nuna inda ya yi kuskure, in kuwa babu, ya faɗi dalilin marin. Ka gwada wannan da Bitrus a dare guda ɗin. Da yamma ya cika baki cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba. A cikin lambu ya zare takobi ya sare kunnen dama na wani bawa mai-suna Malkus. Kafin zakara ya yi cara, wata kuyanga ta tambaye shi a bakin ƙofa, ya yi musun Ubangijinsa. Hannun da ya yi saurin zare takobi da bakin da ya yi rawa a gaban kuyanga na zuciya ɗaya ne, zuciya wadda har yanzu ta ke auna kanta da idon mutane. Wannan Bitrus ɗin ne, bayan Ubangiji ya gafarta masa ya maido shi, ya rubuta wa masu-bi cewa kada su rama zagi da zagi.

Kada kuwa ka ce tun da ka tuba wannan jaraba ta wuce ka. Dauda mutumin Allah ne, ya riga ya bar Saul da rai sa'anda ya same shi a kogo, amma ka ga abin da ya faru da shi a wurin Nabal. Nabal mai-arziki ne, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000, mutanen Dauda kuwa sun tsare makiyayansa a jeji ba su taɓa ko ɗan rago ba. Ran sausayar tumaki Dauda ya aiki samari 10 su gaishe shi da ladabi, su roƙi abin da ya sawwaƙa. Nabal ya yi kamar bai taɓa jin sunan Dauda ba, ya jefa shi cikin bayi masu-gudu daga iyayengijinsu. Da labari ya kai, Dauda ya ce kowa ya rataya takobinsa, ya tashi da mutum 400, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan ba kafin gari ya waye. Mutumin da ya daure wa mashin sarki ya kasa daure wa bakin wawa. Abin da ya cece shi, Abigail matar Nabal ce, wadda ta tarye shi a hanya da jakuna ɗauke da abinci, ta tuna masa abin da Allah ya alkawarta masa, ta kuma nuna masa cewa ran da ya hau gadon sarauta ba zai so jinin banza yana cin zuciyarsa ba. Dauda ya saurara, ya gode wa Allah da ya aiko ta, ya mai da takobi kube. Ina roƙonka, ran da jininka ya tafasa, in Allah ya aiko maka da Abigail, ko matarka ce, ko tsohuwar unguwa, ko ƙaramin yaro da ya riƙe maka riga, kada ka ture ta.

Na san abin da za a ce maka. Za a ce rama cuta ga macuci ibada ce. Za a ce in ka yi shiru yau, gobe a kanka za a taka, addinin nan ya maishe ka ragon namiji. Ka amsa a zuciyarka cewa ramuwa Allah ya keɓe wa kansa, ya kuma ba masu-mulki takobi domin hukunta masu-laifi. Bai ba ka ba. Haƙuri kuma ba ya hana ka neman hakkinka ta hanyar da ta dace. Sa'anda aka yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku, da safe mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, an kuwa dūke su a fili, sai mahukunta su zo da kansu su fitad da su. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Bai ɗaga sanda ba, bai kuma bar zalunci ya wuce ba magana. Haka kai ma, in shanu sun ci gonarka, ko an tura maka iyaka, akwai dattawa, akwai mai-unguwa da dagaci, akwai alƙali. Ka tafi can da ƙafarka, ka bar gatari a gida. Ka kuma sani ko shari'ar mutane ba ta wanke mai-fushi ba. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ta ce wanda ya yi kisa domin an tsokane shi tsokana mai-tsanani farat ɗaya, har hankalinsa ya gushe, ba za a kashe shi ba. Amma ta bar wa alƙali iko ya ɗaure shi, har iyakar ransa. Rangwame ke nan, gawar kuwa ba ta tashi.

Sa'anda hankali ya tashi a gari, samari suka taru suna cewa an raina mu, an raina addininmu, ka san muryar Lamek ce ko da ta sa tufafin ikilisiya. Yaƙub da Yohanna sun so su kira wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa domin an ƙi saukad da Ubangijinsu. Shi da aka ƙi ɗin ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. Maƙwabtanka waɗanda ba su bi Almasihu ba, su ma sun san darajar haƙuri, suna yabonsa a cikin koyarwarsu da karin maganarsu. Abin kunya ne ƙwarai su ga mai-ɗauke da sunan Yesu ya fi su saurin hannu. Akwai kuma wani girman kai wanda ya kan kama sabon mai-bi musamman: ya iya karatu, ya san ayoyi, sai ya fara duban iyayensa kamar jahilai, yana amsa musu da gatse. Wanda ya yi haka, in aka zage shi, ba domin Almasihu aka zage shi ba.

Yawancin wannan yaƙi a cikin gida a ke yinsa, inda ba mai-gani. Namiji ya sha wulakanci a kasuwa ko a wurin aiki, bai iya ce wa wanda ya fi shi ƙarfi kome ba, ya komo ya sauke a kan matarsa domin miya ta yi gishiri. Wannan zunubi ne a gaban Allah, laifi ne kuma, kada kowa ya kira shi horo. Matar nan abokiyar gādonka ce cikin alherin Allah. Ke kuma 'yar'uwa, in wata ta yi miki habaici a bakin rijiya, ko kishi ya cika miki ciki, ki tuna tafasasshen ruwa da a kan watsa wa mace 'yar'uwa a cikin fushi ba ya komawa tukunya. Ku biyu kuma ku kula da bakinku a kan yara. Yaron da kullum a ke ce masa ɗan banza, ba zai yi albarka ba, wata rana zai nemi wanda zai gwada wa cewa shi ma wani abu ne. Yaron kuma da ba a taɓa ce masa ya yi laifi ba, kullum sai kirari, ran da duniya ta ce masa a'a zai ga kamar an yi masa fashi. Ka tsauta wa ɗanka a kan abin da ya yi, ka faɗi laifin da sunansa, sa'an nan ka bar shi ya ci tuwo kusa da kai a daren nan, domin ya san laifin bai fitad da shi daga ƙamnarka ba. Haka Ubanmu na sama ya ke yi da mu.

Wataƙila kuwa takardan nan ta same ka a makare. Ka riga ka mari wani, ko ka ji masa rauni, ko ma abin ya fi haka, kana karatu a cikin kurkuku, ko kana ɓoye da abin da ba wanda ya sani sai Allah. Musa ya kashe Bamasare ya turbuɗe shi a rairayi. Bulus ya tsaya yana tsaron tufafin masu-jifan Istifanus, yana kuwa goyon bayansu. Allah ya gafarta musu, ya kuma yi aiki da su, jinin Almasihu bai gaza a kanka ba. Amma Ubangiji ya koya mana cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, sai ya fara zuwa ya shirya da shi tukuna. Domin haka ka faɗa wa Allah abin da ka yi da sunansa, ba tare da ka jingina shi ga wanda ya tsokane ka ba. Sa'an nan ka nemi mai-bishara ko dattijon ikilisiya wanda ka amince da shi, ka gaya masa. In akwai kuɗin magani, ka biya; in abin na hukuma ne, ka roƙe shi ya raka ka can. In kuwa mari ne ko baƙar magana, ka ɗauki dattijo guda, ku tafi gidan mutumin kafin Lahadi mai-zuwa, ka yi sallama, ka tsuguna a zaurensa ka roƙi gafara, ko da shi ne ya fara.